Ƙunshin da Ya Hau Jirgin Kaya

Onésimo Tzompa bai mutu ba. An sallame shi daga asibiti a birnin Tlaxcala na ƙasar Mexico a ƙarshen watan Yuli, ya rame, idanunsa ba su gama washewa ba, likitoci kuma sun ce hantarsa za ta farfaɗo muddin ya rabu da giya. Abin da ya kwantar da shi farar laimar kwaɗi ce da ya yanko a lambun bayan gidansa, a ƙauyen San Lucas Tepetzala da ke gindin dutsen Malinche. Matarsa Herminia ce ta soya. Onésimo ya ci mafi yawan abin da ke cikin kaskon. Sauran ya fita daga gidan a ƙunshe cikin farin ƙyalle, kuma mutumin da ƙunshin ya ƙare a hannunsa ba a same shi ba. Ko sunansa ba a sani ba.

Ranar wata Asabar ce, bayan bikin waliyyi San Juan, lokacin da damina ta kankama kuma duk wanda ya san dutsen ya ɗauki kwando ya hau tsintar laimar kwaɗi. Onésimo bai hau ba. Gwiwarsa ta daina yarda da hawa tun da ya bar aiki a masaƙa. Ya zagaya bayan gida ne don ya ga ko ruwa ya kwantar masa da masara, sai ya gan su a gindin bishiyar encino, wadda ya ciro daga daji tana ƙarama, da ƙasarta da komai, ya dasa shekarar da mahaifiyarsa ta rasu. Farare ne tas. Wasu sun buɗe, wasu suna dunƙule kamar ƙwai. Ya zaro wuƙar aljihu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yankewa daidai da ƙasa, har ya cika hularsa.

Herminia tana bakin murhu tana tafa tortiya, gurasarsu ta masara, ya shigo ya dire mata hular a kan tebur.

"Tsohuwa, dubi abin da San Juan ya aiko mana har gida. Ba hawa, ba ciniki."

Ta leƙa. Ita 'yar birnin Puebla ce, aure ya kawo ta ƙauyen, kuma duk daɗewar da ta yi ba ta san laimar kwaɗi ba sai a kwandon Doña Librada, maƙwabciyarsu da ke tsinta tana kaiwa kasuwa.

"Ka kai wa Doña Librada ta gani," in ji ta.

"Yau Asabar. Tana kasuwa sai yamma."

"Sai mu jira yamman."

"Ni za a duba wa? Uwata tana goye da ni take tsintar waɗannan. Sanjuanero ne, irin da ake ci. Fari, a fili, bayan San Juan. Me kuma ya rage?"

"A goye kake, Tsoho. Ƙeyarta kake kallo, ba kwandon ba."

Ya yi dariya ya ja kujera. "To, jefa tafarnuwa. In ta yi baƙi ki zubar, kuma ki kira ni jaki daga nan har Kirsimeti."

Wannan kam ta sani. A ƙauyen ba gidan da ba a faɗa: in akwai guba, tafarnuwar da aka dafa tare za ta yi baƙi. Ta wanke su, ta yayyanka, ta zuba a kasko da albasa da barkono da man alade, ta jefa tafarnuwa guda biyu ba ta daka ba. Ƙamshi ya cika ɗakin. Da suka soyu ta tsamo tafarnuwar da cokali, ta fasa da farce. Ciki fari, waje fari.

"Me tafarnuwa ta ce?" in ji Onésimo.

"Ta ce kai ba jaki ba ne yau."

Ta zuba masa. Ya ci, ya ƙara, tana tsaye tana miƙa masa tortiya da zafinta kamar yadda ta saba. Ita ba ta zama sai an gama tuya. Nata rabon ta tura gefen kasko.

Ana cikin haka mota ta yi oda a ƙofar gida. Aristeo Ahuatzi ne, direban babbar mota mai ɗaukar bulo, wanda ya riƙe 'yarsu ranar baftisma. Tun daga ranar shi da Onésimo suke kompadre, shi da Herminia kuma kompadre da komadre. Ya biyo ne ya mayar da igiyar da ya ara, a kan hanyarsa ta zuwa Apizaco. Bai kashe motar ba.

"Shigo ka ci, kompadre," Onésimo ya ɗaga murya da loma a baki. "Sanjuanero, daga gonata."

"Ina, kompadre. In na kashe wannan gyatumar, sai mun tara rabin ƙauye sun tura ta."

Ba a barin mutum ya iske ana ci ya tafi haka nan. In ba zai zauna ba, a ƙunsa masa itakate ya tafi da shi, shi kuma ba ya cewa a'a. Herminia ta kwashe abin da ta tura gefen kasko, ta raba shi cikin tortiya huɗu, ta ninke, ta naɗe su a farin ƙyallen da ta yi wa ɗinkin jajayen zakaru a kusurwoyi. Ta miƙa masa ta tagar mota.

"Komadre, ba naki kika ba ni ba kuwa?"

"Na ci tun ɗazu."

"Allah ya saka. Kin san ni da girkinki."

Ya ja mota. Herminia ta koma ta ɗumama waken jiya ta ci.

Onésimo ya wuni lafiya, ya kwana lafiya. Da asubar Lahadi ciki ya murɗa. Amai da zawo suka haɗu, ko ruwa ya kurɓa sai ya dawo. Kafin a kaɗa ƙararrawar coci ya kasa tsayuwa da ƙafarsa. Mai tasin ƙauyen ya kai su birni.

Likitar da ta karɓe su, Dokta Meneses, ta sa masa ƙarin ruwa, sannan ta juyo wurin Herminia. Me ya ci jiya? Herminia ta faɗa. Wa ya tsinto? Shi. Wa ya duba? Tafarnuwa. 

"Ke kin ci?"

"A'a."

"Akwai wanda ya ci ban da shi?"

Sai a lokacin Herminia ta tuna da ƙunshin. Ta fita baranda ta kira Aristeo. Ya ɗauka da fara'a, ana jin rediyo a bayansa.

"Kompadre, itakaten jiya. Ka ci?"

"Na ci mana. Har yatsuna na lashe. Ki gaya wa kompadre in wasu sun fito ya ajiye mini."

"Duka ka cinye?"

"Ko ɓurɓushi ban bari ba."

"Cikinka fa?"

"Cikina? Yanzu na tashi daga kan farfesun tumbi. Lafiya dai?"

Ta ce Onésimo ne ba ya jin daɗi, suna asibiti. Ya ce ai ya sha gaya masa ya daina shan giyar gidan Chema, ba sa wanke tulu. Ya ce zai leƙo.

Herminia ta koma ciki da sauƙin zuciya ta shaida wa likita cewa wani ya ci daga kasko ɗaya kuma garau yake. 

"In haka ne, ƙila wani abu ne daban," in ji Dokta Meneses. "Amma ba zan sake shi ba. Zan ɗibi jini yau, in sake ɗiba gobe."

Da safiyar Litinin Herminia ta tarar da mijinta zaune a bakin gado, ya wanke fuska, yana koya wa mai gadon kusa yadda ake gyaran zaren masaƙa. Amai ya tsaya. Zawo ya tsaya. Yana neman wandonsa.

"Tsohuwa, je ki gaya musu na warke. Kuma ki samo mini nama. Kunun nan nasu ko kaza aka ba wa sai ta kai ƙara."

Dokta Meneses ta kira Herminia gefe. Ba ta yi dogon bayani ba. Jinin jiya bai nuna wani abu sosai ba. Na yau ya nuna hantarsa tana lalacewa, kuma da sauri. Ta ce akwai laimar kwaɗin da gubarta haka take aiki: ta bar mutum ya yini ba ya jin komai, ta kayar da shi, sannan ta sake shi ya ji kamar ya warke, alhali a lokacin take cin hanta. Masu mutuwa da yawa a wannan sauƙin suke komawa gida.

"Sauƙin nan da kike gani shi ne abin da ba na so," in ji ta. "Zan fara masa magani yanzu. Amma ina son in ga abin da ya ci. Akwai saura?"

"Na wanke kaskon."

"Tugewa ya yi ko yankewa?"

"Da wuƙa."

"To gindin yana nan a ƙasa. Ki tono da cokali, ki zagaye shi, kada ki ja. Shi kuma wancan da ya ci, ki kawo mini shi ko da rawa kika same shi yana yi."

Herminia ta hau motar haya ta koma ƙauye. Doña Librada tana ƙofar gidanta tana shanya laimar kwaɗi a kan buhu. Da ta ji abin da ake ciki ta goge hannu a zane ta biyo ta lambu. Suka durƙusa a gindin encino. Guntayen suna nan, sun fara ruɓa daga sama. Herminia ta sa cokali ta zagaye guda ɗaya ta ɗago shi da ƙasarsa. A ƙasan kututturen akwai wani dunƙule, an lulluɓe shi da farar fata mai kama da jaka.

"Ga wandonta," in ji Doña Librada.

Can gefe wata sabuwa ta fito bayan ruwan Lahadi. Tsohuwar ta tuge ta da yatsu, ta kifa ta.

"Duba ƙarƙashin hular. Sanjuanero nan wurin ja-ja ne tana ƙarama, in ta tsufa ya koma kamar cakulan. Ba ta da wando, kuma a makiyaya take fita, inda dawakai suka yi kashi, ba a gindin itace ba. Mai launin ruwan ƙwai tana da wando, ita muna ci. Amma fari sama, fari ƙasa, ga wando? Mahaukaciya muke ce mata. Kwandon da ta taɓa ma ba na komawa da shi kasuwa."

"A cikin gida fa ta fito."

"Ya ɗauko daji ya dasa a bayan ɗaki, me yake so ya fito? Ita encino take bi."

"Tafarnuwar ba ta yi baƙi ba."

"Tafarnuwa miya take gyarawa, 'yar nan. Ba duba take yi ba." Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. "Uwarsa ba ta taɓa sa wa farar laima wuƙa ba. Tugewa take yi ta ga gindi. Wuƙar nan a birni ya koyo ta."

Herminia ta zuba guntayen da sabuwar a gwangwani ta rufe. Ba ta shiga ɗaki ba. Ta wuce gidan Aristeo kai tsaye.

Ta same shi a ƙofar gida yana wanke mota, ya naɗe ƙafar wando.

"Komadre. Yaya mutumin? Yanzu nake cewa in gama in leƙo."

"Ajiye bokitin. Asibiti za mu."

"Ya yi tsanani ne?"

"Kai za a duba."

"Ni? Dube ni fa."

"Shi ma haka yake cewa. Yana can yana neman nama, hantarsa tana narkewa." Ta buɗe gwangwanin ta nuna masa. "Abin da kuka ci ke nan. Likita ta ce jin sauƙi ba komai ba ne. Jininka za su ɗiba, su kwantar da kai."

"Jini. Da allura ke nan."

"Da allura."

"Komadre, ni jikina ba irin na kompadre ba ne. Mu direbobi abin da muke ci a hanya, da guba tana kama mu da tuni an binne ni."

"Tayar da motar, Aristeo."

Ba ta taɓa kiran sunansa haka ba tun ranar baftisma. Ya ajiye tsumman a kan taya. Ya dubi ƙofar gidansa, ya dubi titi, ya rage murya.

"Ban ci ba."

Herminia ta ɗago kai daga gwangwanin.

"Ban ci ba, komadre. Ni ba na cin laimar kwaɗi. Ban taɓa ci ba. Santsinta a baki nake ƙi, tun ina yaro."

"Kowace damina ina ƙunsa maka."

"Kowace damina ina karɓa."

"Kana cewa ka lashe yatsu."

"To me zan ce? A ba ni da hannu biyu in ce ba na so? A gidanku?"

"Na kira ka daga asibiti. Na tambaye ka sau biyu."

"Na ɗauka so kike ki ji ko ya yi daɗi."

Ta rufe gwangwanin. Ta ce, "Ina ka zubar?"

Ya shafa ƙeya. Abinci ai ba a zubarwa, in ji shi. A Apizaco, a mararrabar layin dogo, an tsayar da motoci jirgin kaya yana jan jiki. Baƙin hauren nan na ƙasashen kudu masu hawa saman taragu zuwa arewa suna zaune a bakin layi suna jiran ya tashi. Ɗaya ya zo tagarsa ya kai hannu baki. Shi kuma ƙunshin yana kan kujera da sauran ɗuminsa. Sai ya miƙa masa.

"Da ƙyallen?"

"Da ƙyallen. Na yi niyyar in ce miki wanki ya ɓata shi."

"Wane iri ne mutumin?"

"Mutum dai. Siriri. Zai yi shekara talatin. Hula shuɗiya. Haƙorinsa na gaba ɗaya babu. Na gani da ya yi godiya. Daga maganarsa ɗan Honduras ne, ko can wajen."

"Ya ci a gabanka?"

"Ya koma wurin 'yan uwansa. Ko shi kaɗai ya ci, ko rabawa suka yi, ban gani ba. An buɗe hanya, na baya suna ta oda."

Herminia ta zagaya ta buɗe ƙofar motar ta hau. Aristeo ya kira maƙwabta biyu suka tura.

Sun fara tsayawa a asibiti. Dokta Meneses ta juya guntun a kan takarda da bakin almakashi, ta ɗauki hotonsa ta aika wa wani masani a jami'a, amsa ta dawo daidai da ta Doña Librada. Da aka gaya mata cewa mutum na biyun bai ci ba, wani baƙo ya ba wa ƙunshin, ta dubi Aristeo, wanda ke tsaye riƙe da hula.

"Da na san haka jiya da safe, da jiya da safe na fara maganin," in ji ta.  Ta tambayi yawan abin da ke cikin ƙunshin. Herminia ta nuna da tafin hannu. Likitar ta ce in mutum ɗaya ya cinye, ya isa ya kashe shi. In an raba huɗu, ba za ta iya cewa ba.

"Yanzu yana ina a cikin ciwon?" in ji Herminia.

"In ranar Asabar ya ci, yana inda mijinki yake. Yana jin ya warke."

Herminia ta leƙa ɗakin. Onésimo ya yi barci da robar ruwa a hannu. Ta fito ta ce wa Aristeo su tafi Apizaco.

A bakin layin dogo akwai masauki da wani coci ke kula da shi, inda masu hawa jirgi ke samun wanka da abinci da wurin kwana kafin su wuce. Mai kula da wurin, Sista Amparo, ta saurare su a tsaye a ƙofar kicin, da ludayi a hannu. Ta ce waɗanda suka zo ranar Asabar duk sun tafi; jirgin ranar ya kwashe su, wasu ma ba su shigo masaukin ba. Mai shuɗiyar hula da giɓi? Ta ce rabin masu zuwa nan hularsu shuɗiya ce, giɓi kuwa hanya ce take yi musu.

"Akwai masaukai irin wannan a gaba," in ji ta. "Muna da lambobin juna. Zan kira in ce a duba mai amai da zawo. Amma ki sani, uwargida, kullum sai mun karɓi mai amai da zawo. Ruwan kwata suke sha."

"Ba mai amai za a nema ba," in ji Herminia. "Wanda ya yi ya daina. Wanda ya ce ya warke."

Sista Amparo ta ajiye ludayin. Herminia ta ci gaba.

"A ce masa ƙarya ne sauƙin. Ya je asibiti ya ce a duba hantarsa, ya ce farar laimar kwaɗi ya ci. A tambayi kowa wa aka ba tortiya huɗu a farin ƙyalle mai jajayen zakaru, a mararrabar Apizaco, daga tagar motar bulo."

"In ya ji ana nemansa, gudu zai yi. Waɗannan mutanen ba sa son a neme su."

"To a ce matar da ta dafa ce take nema. A ce rabonta ne ya ci."

Sista ta yi kiran a gabansu, masauki bayan masauki, tana maimaita maganar kamar yadda Herminia ta faɗa. A wajen ƙofa Aristeo ya bi mutanen da ke zaune a inuwar katanga yana tambaya, yana nuna haƙorinsa na gaba. Wani ya ce ya san mai giɓi, amma tun Veracruz suka rabu. Wani ya tambaye shi ko akwai sauran tortiyar.

Suka kamo hanyar dawowa, har suka kusa birni.

"Komadre," in ji Aristeo, idonsa a kan titi, "ke ma ranar nan kin ce mini kin ci."

"Na ce."



Ranar Talata Onésimo ya daina neman wando. Idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, fatarsa ta bi, ya fara kiran Herminia da sunan mahaifiyarsa. An mayar da shi ɗakin masu tsanani, aka fara maganar kai shi birnin Mexico in hanta ta ƙi. 'Yarsu ta zo daga Puebla. Herminia tana kwana a benci, da safe ta kira Sista Amparo, Sista ta ce ba labari. Wajen ƙarshen mako alamun lalacewar hanta a jinin suka daina hawa, sannan suka fara sauka. Ranar da ya gane ta, abin da ya fara cewa shi ne ta fara kiransa jaki, Kirsimeti da saura.

"Tafarnuwar ba ta yi baƙi ba," in ji ta. "Sunan bai hau kanka ba."

Bayan an sallame shi Aristeo ya kawo musu sabon ƙyalle daga kasuwa, mai furanni, da kwandon burodi. Herminia ta karɓa ta yi godiya, ta ƙunsa masa tortiya da wake da cuku. Ya tsaya a ƙofa ya buɗe ya ci guda a gabanta. Onésimo ya so a sare encino, daga baya ya ce a bari, ta uwarsa ce. Fararen suna ci gaba da fitowa bayan kowane ruwa. Herminia takan zagaya da safe da cokali, ta tono su da wandonsu, ta jefa a murhun waje.

Labari ɗaya ne ya zo, a farkon watan Agusta, ta bakin Sista Amparo. Wani masauki a jihar San Luis Potosí ya kira. Mai dafa musu abinci, wadda ba ta nan ranar da saƙon ya iso, ta ji ana maganar daga baya, ta ce ta tuna wani. Abokan tafiyarsa ne suka shigo da shi a wancan makon, riƙe da shi, yana amai. An ba shi ruwan gishiri da sukari, ya kwana. Washegari ya tashi garau, ya ci abinci kwano biyu, ya taya ta share tsakar gida, da yamma ya bi jirgi. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya ci. Sunan da ya bayar a ƙofa, abokansa ba da shi suke kiransa ba.

Herminia ta sa aka tambaye ta haƙorin. Matar ta ce ba ta lura ba. Aka tambaye ta ƙyallen. Ta ce ya ɗaura wani farin ƙyalle a wuya saboda rana, kamar yadda da yawansu ke yi. Ko akwai zakaru a jiki, ba ta iya tunawa.